Kilishi ya kai Yamai, sunan mai shi bai bar unguwa ba



Yau maganar ƙananan masu sana'a za mu yi, da yadda ake tallata su. Duk mai sauraren rediyo ya san baje koli ya zama ruwan dare. A kafa rumfuna, a gayyato manyan baƙi, a yanke ƙyalle, a zagaya a ɗanɗana, a ɗauki hoto. Bayan kwana uku ko mako guda a kwashe kujeru, kowa ya kama gabansa. Ra'ayinmu shi ne wannan bai isa ba. Mai ƙaramar sana'a ya fi buƙatar a san sunansa, a san inda ake samunsa ranar da babu biki, kuma a samu wanda zai tsaya masa ya ce: na san shi, ba ya cuta. In babu wannan, ko sau goma aka baje kayansa, ribar wani za ta zama.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Manyan baje koli suna da amfaninsu. SAFEM da ake yi a Yamai duk bayan shekara biyu ya fito da sana'ar hannu ta mata fili. Baje kolin SAHEL ya sa mutanen birni sun ga abin da manoma da makiyaya ke iyawa. Tun 2020 kuma ƙasashen UEMOA suka ware watan Oktoba don cin kayan gida. Madalla. To amma wa ke kaiwa can? Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 600. Matar da ke matsar man gujiya a Tibiri, wadda jarinta duka bai kai kuɗin motar zuwa da dawowa ba, yaushe za ta bar ƴaƴa da tukunya ta tafi mako guda? Wanda ke zuwa irin wannan taro, galibi wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa ne. Mu kuwa maganar na ƙasa muke yi, kuma su ne mafi yawa.

Rashin suna tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Tun zamanin ayari, fatun jar akuya da ake jemewa a ƙasar Hausa suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma har gaɓar tekun Arewacin Afirka, daga can su shiga Turai. Turawa suna yin bangon littafi da su, suna yabon laushinsu da ƙarkonsu, amma da wane suna suka san su? Fatar Maroko. Makiyayin da ya yi kiwo, da majemin da ya ɓata hannunsa cikin ruwan bagaruwa, babu mai ambatonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau an fara gyara wani ɓangare na wannan. Hukumar OAPI da ke Yawunde, mai kare haƙƙin mallakar fasaha, ta yi wa kaya huɗu na Nijar rajistar kariya: kilishi, albasar Galmi, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Abin farin ciki ne, domin albasar Galmi ta daɗe tana cika kasuwannin Abijan, Akara, Lome da Kwatano, kuma ya kamata a san daga ina ta fito. Sai dai wannan rajista sunan ƙasa da na gari take karewa. Sunan mutum ɗaya da ke tsaye bakin wuta tun asuba, shi har yanzu yana cikin duhu.

Ku duba yadda abin ke faruwa. Matafiyi ya tsaya Madawa ko Gidan Rumji ya sayi kilishi, an naɗe masa cikin takarda. Ya kai Yamai, iyali sun ci sun yaba, maƙwabci ya ce a sayo masa. Wa za a kira? Babu suna jikin takardar, babu lamba. Wani karon ya sake tsayawa, ya saya hannun wani, ya tarar ba shi da daɗi. Me zai ce? Kilishin garin nan ya lalace. Kun ga wanda ya kyautata bai ci ladan kyautatawarsa ba, wanda ya yi ha'inci kuma bai ji zafin ha'incinsa ba, ya ɓoye cikin taro. In aka daɗe haka, mai kyautatawa ma gajiya yake yi, ya ce mi ya kai ni sayen nama mai tsada tunda farashinmu ɗaya? Haka inganci ke mutuwa a hankali, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Abin da ke samun kilishi shi ke samun man gujiya, garin ɗanwake, sabulu, turaren wuta da takalmin fata.

Abin da ke ba mu ƙwarin gwiwa shi ne ba daga sifili za a fara ba. Kakanninmu sun san haɗa mai kaya da mai saye tun babu waya. Falke da ya tafi Gwanja neman goro, ko ya kora shanu zuwa kudu, ba ya sauka gari haka kawai. Yana da mai masauki. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, kuma in za a ba da kaya bashi, shi ke tsayawa. In mai saye ya gudu, mai masauki ne ke cikin ruwa. Saboda haka ba ya haɗa ka da wanda bai sani ba. Da wannan tsari ne unguwannin Hausawa irin su Sabo a Ibadan da zangon Kumasi suka riƙe cinikin goro da shanu shekara da shekaru. La'adar da dillali ke karɓa, kuɗin amanar da ya ɗauka ne.

Alhazan Maraɗi ma haka suka tashi. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, ya nuna yadda cinikin gujiya da na kan iyaka ya ginu bisa alaƙar ubangida da bara. Yaro ya yi shekaru yana hidima, a gwada shi da kaɗan, a ƙara, har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da kansa. Sunan ubangidansa shi ne takardar shaidarsa a Kano ko a Katsina. Ban da wannan, garuruwanmu suna da sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin kasuwa, waɗanda suka san ɗan sana'a na ƙwarai da na banza.

Mata kuma sun ba duniya darasi. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE. An ɗora su ne kan adashin da mata suka saba: a haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ranta wa mai buƙata ta yi sana'a ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba. Wannan tsari ya fita daga ƙauyukanmu ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Mi ya sa ya yi aiki? Domin kowace mace ta san ƴar uwarta, ta san gidanta, ta san halinta.

Ku lura da abin da ya haɗa su duka: akwai wani da ke sa sunansa a gaba domin wani. Wayar zamani ta kawo mana nuna kaya cikin sauƙi, amma ta baro wannan shaida a baya.

Ba mu raina abin da waya ta yi ba. Yau mai ɗinki a unguwar Zariya ta Maraɗi tana sa hoton ɗinkinta a WhatsApp, wata a Agadas ta gani ta so. Wanda bai yi lakwal ba yana tura saƙon murya, ciniki ya faɗa. A tura kuɗi ta Nita ko Amana ko asusun waya, a sa kaya a bas, gobe su isa. Shekara ashirin baya wannan mafarki ne. To amma kowa ya san ɗaya gefen. An tura kuɗi, lamba ta daina shiga. An nuna hoton shadda, an aiko wani yadi daban. An turo wa mai kaya hoton rasit na ƙarya, ya saki kaya, kuɗi ba su zo ba. Ga kuma rukunonin talla da suka cika maƙil, kowa na zuba hoto babu mai kallon na wani. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙarshenta mutum ya koma sayen abin da ya gani da idonsa a butik, ko da na waje ne, ko da ya fi tsada.

To mi muke ba da shawara? Abu huɗu ne, kuma babu wanda ke buƙatar a jira wani mai ba da tallafi daga waje.

Na farko, kowace unguwa ta yi rajistar masu sana'arta. Littafi guda ya isa: suna, sana'a, inda ake samun mutum, lambar da za a kira, da sunan mutum biyu da suka tsaya masa. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar abin. Mai tsayawa na iya zama sarkin sana'ar, ko shugabar ƙungiyar adashi, ko mai unguwa, ko wani tsohon ɗan kasuwa da aka yarda da shi. In ƙorafi ya zo, su za a fara nema, su kira mutuminsu a zauna. Wanda aka kama da cuta a gargaɗe shi, in ya maimaita a cire sunansa, kuma a faɗi dalili. Rajistar da ba a cire kowa daga cikinta, ba ta da wani amfani.

Wa zai riƙe littafin? Ga samarin fada nan. Babu unguwar da ba ta da fada, daga Birni da Zango a Damagaram har Tawa da Ƙonni. A cikinsu akwai masu digiri da ke zaman jiran aiki, sun iya rubutu, sun iya ɗaukar hoto mai kyau, sun san kowane lungu. Maimakon shayi tun safe har dare, ga aiki. Su zagaya su rubuta, su ɗauki hoto, su riƙa sabunta lambobi. Kada kuma a ce su yi kyauta, domin aikin kyauta wata biyu yake yi ya mutu. Kowane mai sana'a ya riƙa ba da ɗan abu duk wata, ko dala ashirin ce, ko a yanke musu la'ada kan cinikin da suka haɗa. Dillanci ne irin na da, da waya a hannu.

Tunda da yawa daga cikin mutanenmu da kunne suke karatu, rajistar ta zama tana da murya. Kowane mai sana'a a ɗauki muryarsa minti guda: ni ne wane, ga abin da nake yi, ga inda nake, ga wanda ya san ni. A tura a rukunin unguwa, rukunin da ke da doka: talla ɗaya a rana, babu siyasa, babu saƙon tura-wa-mutum-goma. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara su ware ko minti goma sha biyar a mako su sa waɗannan muryoyi, unguwa bayan unguwa. Muna da yaƙinin masu saurare za su so shi, domin kowa na son jin an ambaci na gida.

Na biyu, ƙaramin baje koli na wata-wata a cikin gari. Filin lakwal ranar da babu karatu, ko harabar gidan matasa, tabarma da tebur sun isa. Ba sai an kawo bandiri da jawabin awa biyu ba. Garuruwanmu ma suna da ranakun da mutane ke taruwa da kansu: Litinin da Juma'a a Maraɗi, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa. A jingina abin da ɗaya daga cikinsu. Kuma a kula da waɗanda ake gayyata. Manyan baƙin wannan taro su ne mai butik, mai gidan abinci, mai masaukin baƙi, mai kula da abincin ƴan makaranta, direban da ke zuwa Yamai ko Agadas duk mako, da matan da ke haɗa kayan aure. Su ne masu saye yau su dawo jibi. Mai butik guda da ya yarda ya riƙa karɓar kwalba ashirin duk mako ya fi wa mai man gujiya baƙo ɗari da suka ɗanɗana suka ce masha Allah suka wuce.

Da wannan ma'auni ya kamata a riƙa auna kowane baje koli, babba ko ƙarami. A bar ƙirga mutum nawa suka zo. Bayan wata uku a koma a tambayi masu rumfuna: mutum nawa suka sake kiranku? Ciniki nawa ya ɗore? In amsar babu ce, to biki aka yi, a kira shi da sunansa.

Na uku, kowa ya sa sunansa jikin kayansa. Ba wani abu mai tsada ba ne. Takarda guda a wurin mai fotokopi tana fitar da ƙananan tambari da yawa: suna, gari, lamba, ranar da aka yi. Baduku ya sa maƙeri ya yi masa hatimin ƙarfe ya riƙa bugawa jikin fata. Mai tukwanen Mirriya ta yi alamarta tun yumɓu na ɗanye. Mai tabarmar Madawa ta ɗaura ɗan ƙyalle mai lamba. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Sa suna kuma alkawari ne, domin wanda ya rubuta lambarsa jikin kwalba ya san in ya gauraya man da wani abu, wayarsa za ta yi ƙara. Shi ya sa mai saye ke samun natsuwa. Wanda sana'arsa ta girma har yana son shiga manyan kantuna, sai ya nemi shaidar inganci ta hukumar ANMC da takardun kafa kamfani ta hanyar Maison de l'Entreprise. Amma wannan mataki na gaba ne. A fara da suna.

Na huɗu, masu sana'a su san junansu. Wani lokaci abokin cinikinka mafi girma yana bayan gidanka ba ka sani ba. Mai matsar man gujiya tana fitar da tunkuza, mai kilishi kuma da ita yake haɗa labu. Mahauci na da fata, majemi na neman ta, baduku na jiran majemi. Tela na buƙatar marini da mai surfani. Mai sarrafa aya daga Agye ko Cadawa, da mai busar da zogalen Jiratawa, suna buƙatar mai walda da zai ƙera musu injin ko ya gyara wanda ya lalace. Mai gidan abinci na buƙatar su duka. Kuɗin da suka zagaya hannu biyar cikin gari kafin su fita sun ciyar da gida biyar. Waɗanda suka fita tun hannun farko, gida ɗaya suka sani.

Haɗuwar nan tana rage tsada ma. Mace ɗaya da ke son kwalba hamsin za ta saya da tsadar ɗai-ɗai. Mata ashirin in suka haɗa kuɗi suka yi odar dubu, farashi ya sauka. Haka kuɗin mota: kwali ɗaya na mutum goma ya fi sauƙi da ƙunshi goma. Haka zuwa babban baje koli na Yamai: ƙungiya ta tura mutum biyu da kayan mutum talatin, kowane da sunan mai shi a jiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san akwai masu ja da baya, kuma dalilansu ba na wasa ba ne. Na farko tsoron haraji. Mai sana'a zai ce: yau in na rubuta sunana, gobe mai karɓar patanti ya zo da littafin a hannu. Wannan tsoro ne ya sa da yawa suka gwammace su zauna a ɓoye. Amsarmu ita ce littafin na masu sana'a ne, a hannunsu zai zauna, kuma shiga ciki ganin dama ne. Ga ma'aikatun magajin gari kuma muna cewa: ku bari kaza ta girma kafin ku ƙirga ƙwai. Ranar da aka mai da irin wannan rajista jerin masu biyan tara, ranar ta mutu, kuma ba za a sake yarda ba. Haraji haƙƙi ne, amma mai sana'ar da ya samu kasuwa ya fi mai fama da jarin jaka biyar iya biyansa.

Na biyu tsoron ido. Wani zai ce in aka san ina samu, dangi za su yi layi, masu hassada su taso, maƙwabciya ta kwaikwayi sana'ata. Gaskiya ne, ana yi. Amma ku tuna kwaikwayo ba ya jiran talla, ko kin ɓoye za a kwaikwaya. Bambancin shi ne in da sunanki a jiki, mai saye ya san na asali. In babu, ke da mai kwaikwayo ɗaya kuke a idonsa. Maganar dangi kuwa, akwatin adashi ya daɗe yana ceton mata daga wannan: kuɗi suna cikin akwati, sai ranar rabo.

Na uku maganar matan da ke cikin gida. Sana'o'i da yawa a garuruwanmu bayan katanga ake yin su, kuma ba kowane maigida zai yarda lambar matarsa ta shiga hannun kowa ba. Su kansu matan da yawa ba sa so, saboda masu kiran banza da dare. Wannan ba dalilin barinsu a baya ba ne. A sa sunan ƙungiyarsu, a sa lambar shugaba ko ta wata dattijuwa da suka zaɓa, a sa hoton kaya ban da fuska. Wata riba kuma: in mai saye ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, buƙatar ɗora wa ƴar shekara tara tire ta yini tana yawon talla a tasha za ta ragu, yarinya ta zauna aji. Ko don wannan kaɗai abin ya cancanci a gwada.

Na huɗu, dillalai da masu sari za su ce ana son a kashe musu kasuwa. A'a. Wanda ke ɗaukar kaya daga Galmi zuwa Abijan yana aikin da manomi ba zai iya ba, kuma yana ɗaukar kasadar hanya da ta ruɓewa. Dillali mai amana shi wannan tsari zai fi amfana, tunda shaidarsa ake nema. Wanda zai ji zafi shi ne wanda ribarsa ta dogara ga mai kaya bai san farashi ba, mai saye bai san mai kaya ba.

Mi ya sa muke ganin abin na gaggawa ne? Domin shekarun nan sun koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumi ya sake rufe hanya, sai a Maris 2024 aka buɗe tsakaninmu da Najeriya. Kowa ya ga yadda kayan da muka saba ɗauka ba komai ba suka yi wuya. Faɗuwar naira kuma ta sa kayan can suna shigowa da arha, ƙaramin mai sarrafa kaya na nan yana kallo. Ga layin dogo da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ya bi Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara tafiya, zai zo cike. Tambayar ita ce da mi zai koma. In kayanmu ba su da suna, danyu za su fita cikin buhu, a sarrafa su can, a sa musu tambari, a dawo mana da su mu saya.

Kasuwar kuwa tana nan gabanmu. Tun ƙidayar 2012, jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa sun haura mutum miliyan 10 in an haɗa, kuma yau sun fi haka nesa. Dukansu suna ci, suna sa tufa, suna aure da suna. Duk lokacin da kokowar takobi ta zo gari, ko lokacin bukukuwan Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017 da Zinder Saboua a 2018, mun ga yadda baƙi ke cika gari suna neman tsaraba. Da kowane baƙo ya koma da lambar mai sana'a uku a aljihu, da cinikin bai ƙare ranar da aka rufe biki ba.

Kowa da nasa rabon aikin. Hukumomin gari su ba da fili kyauta rana ɗaya a wata, kuma in za su sayi tebur na lakwal, ko kayan ma'aikata, ko abincin taro, su fara duba littafin unguwa. Alhazanmu masu manyan kantuna su ware kanta guda don kayan gari, kamar yadda wani ya taɓa ba su dama suna yara. Ƴan uwa da ke Legas, Akara, Abijan ko Turai, in za ku aiko kuɗin hidimar biki, ku ce a sayi na gida, ku tambayi sunan wanda ya yi.

Mu masu saye kuma namu ya fi sauƙi. In ka ci abu ya yi maka daɗi, ka tambayi wa ya yi, ka karɓi lamba, ka ba wani. In ka ga aibi, ka kira mai kaya ka gaya masa kafin ka kai shi Facebook. Kuma don Allah a rage cin bashin ƙaramin mai sana'a. Mutum ya shiga babban kanti ya biya lakadan ba tare da tayi ba, ya zo wurin ƴar uwarsa mai sabulu ya ce rubuta sai ƙarshen wata. Wannan ba zumunci ba ne, karya jari ne. Sayen na gari mai da kuɗi gida, balle na garin kuma na gida.

Ba sai an jira dukan gari ba. Unguwa ɗaya, fada ɗaya, ƙungiyar mata ɗaya da littafin dala hamsin sun isa a fara wannan makon. A rubuta mutum ashirin na farko, kowane da masu tsaya masa biyu. Bayan wata uku a zauna a duba wa aka kira, wa ya samu sabon abokin ciniki, wa aka yi ƙorafi a kansa. In ya yi kyau, unguwar maƙwabta da kanta za ta zo tambaya.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ba masu sana'armu kasuwa mai ɗorewa. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.